Cikin Auta Ma Yana Bukatar Awo

'Yan'uwa manoma, idan amarya ta ɗauki cikin fari a ƙauyukanmu, kowa yakan sa mata ido. Uwar miji tana hana ta ɗaukar kaya mai nauyi, matan zumunta suna zuwa gaishe ta, miji yana tambaya ko ta je awo. Amma idan uwargida mai shekara 40 ta ɗauki ciki na takwas, ba mai ɗaga kai. Ana cewa ai ta saba, hanya a buɗe take. Ita kanta takan ji kunya, balle idan 'yarta ta fari ta riga ta yi aure tana goyo, sai ta ɓoye cikin da babban zane har wata 6 ko 7. Tana noma, tana surfe, tana ɗebo ruwa daga rafi, ba wanda ya gwada jininta ko sau ɗaya. Likitoci da ungozomomi kuwa sun daɗe da sanin cewa wannan uwargida tana cikin matan da suka fi bukatar a lura da su.

Akwai kuma wata 'yar'uwa a cikin kowace ikilisiya. Ita karatu ne ko aiki ya jinkirta aurenta, ko kuwa mijinta na fari ya rasu ta sake aure, yanzu ta wuce shekara 35 tana neman ɗa ba ta samu ba. Ɗaya tana haihuwa har jiki ya gaji, ɗaya tana nema lokaci yana ƙurewa. Maganar shekaru ta shafe su duka biyu, shi ya sa muka haɗa su a wannan shafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka mutu a duniya saboda ciki da haihuwa, kuma fiye da kashi 1 cikin 4 na waɗannan a Nijeriya ne. Mu da muke zaune a karkara mun san abin da wannan yake nufi a gida ɗaya. Idan uwa mai 'ya'ya bakwai ta rasu, jaririn da ta bari da wuya ya rayu, babbar 'ya takan bar makaranta ta kama girki, gonar gyaɗar uwa ta koma saura, rancen takin da maigida ya karɓa daga ƙungiya ya tafi wajen jana'iza.

Ƙwan mace da irin shuka

Kowane manomi ya san irin da aka ajiye a rumbu shekara uku ba ya tsira kamar irin bara. Za ka shuka rami 10, wataƙila 4 su fito. Wani abu mai kama da haka yana faruwa a jikin mace. Ana haihuwar 'ya mace da dukan ƙwayayen haihuwarta a cikinta, wajen miliyan 1 zuwa 2, ba ta kuwa ƙara yin sababbi. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kamar 300,000 ko 400,000. A dukan rayuwarta waɗanda za su nuna su fito, ɗaya kowane wata, ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran suna lalacewa a hankali. Ƙwan da ya fito tana da shekara 42 ya yi shekara 42 yana jira.

Saboda haka samun ciki yakan fara raguwa kaɗan kaɗan bayan shekara 30, ya ragu da sauri bayan 35, ya yi ƙasa ƙwarai bayan 40. Likitocin mata sun ce mace mai lafiya da ba ta wuce 30 da 'yan kai ba, a kowane wata damarta ta samun ciki kamar 1 cikin 4 ce. A shekara 40 ta koma kamar 1 cikin 10. Al'ada takan ɗauke gaba ɗaya tsakanin shekara 45 da 55, amma haihuwa takan tsaya shekaru kafin al'ada ta tsaya. Ganin jinin wata ba tabbaci ba ne cewa ƙwai na da ƙarfi.

Tsohon ƙwai kuma yakan yi kuskure wajen rabon ƙwayoyin halitta, shi ne babban dalilin da ɓari yake yawaita. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmark, aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa a cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, ciki kusan 9 cikin 100 yakan zube, amma a cikin masu 45 ko fiye, kusan 75 cikin 100. Muna roƙon iyayen miji su ji wannan da kyau. Matar da ta yi ɓari sau biyu tana da shekara 41 ba mayya ce ta kama ta ba, ba kuwa zunubi ta yi ba. Kada a tafi wurin boka, kada a zargi maƙwabciya. A kai ta asibiti a duba ko ciki ya fita duka, a gwada jininta.

Daga wannan kuskure na ƙwai ne larurar Down take fitowa, wadda aka sa wa sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866. Yaron yakan yi jinkirin zama da tafiya da magana, wani lokaci da ciwon zuciya. Ga uwa mai shekara 25 abin yakan faru kamar 1 cikin 1,250, ga mai 35 kamar 1 cikin 350, ga mai 40 kamar 1 cikin 100, ga mai 45 kamar 1 cikin 30. A lura, ko a shekara 40 yara 99 cikin 100 ba su da ita. Wanda aka haifa da ita kuwa ba ɗan ruwa ba ne. Ɗan Adam ne, halittar Allah, yana koyon kiwo da shara da waƙar sujada idan aka yi haƙuri da shi, kuma wurinsa yana nan a makarantar Lahadi.

Maza kada su yi murmushi. Gaskiya ne namiji yana yin sabon iri kullum har tsufa, amma daga wajen shekara 40 ingancinsa yakan ragu, matarsa takan daɗe kafin ta ɗauki ciki. A cikin gidajen da haihuwa ta ƙi zuwa, kusan rabi matsalar tana wajen miji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin namiji kuwa ya fi na mace sauƙi da araha. Har yanzu dai mace ce ake kai wa wurin masu sassaƙe, maigida yana zaune a gindin mangwaro.

Ga mai neman haihuwa

Ƙa'idar da likitoci suke bi mai sauƙi ce. Idan mace ba ta kai 35 ba, miji da mata su jira shekara ɗaya suna tare kafin su nemi gwaji. Idan ta kai 35, wata 6 ya isa. Idan ta kai 40, a tafi yanzu, su biyu tare. Abin baƙin ciki shi ne yawancin shekarun da suka rage wa irin wannan mace suna ƙarewa a hanyar masu magani. Bana a sayar da akuya a kai wa wannan, baɗi a sayar da buhun masara a kai wa wancan, sai ta kai 44 a zo asibiti.

Sau da yawa abin da ya hana cikin ba shekaru kaɗai ba ne. Ƙarin mahaifa ya yi yawa a cikin matan baƙar fata, yana girma da shekaru, yana kawo zubar jini mai yawa a lokacin al'ada. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba yakan toshe hanyar ƙwai. Wasu daga cikin waɗannan ana iya gyarawa idan an zo da wuri. Dashen ƙwai, wanda aka fara samun ɗiya ta hanyarsa a Ingila a 1978, ana yinsa yanzu a manyan biranenmu, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin manoma, nasararsa kuma kaɗan ce ƙwarai ga mace da ta wuce 43 idan da ƙwanta za a yi. Duk wanda ya yi muku alkawarin tabbas, ku riƙe kuɗinku.

Bari mu taɓa maganar kwantaccen ciki. Mace mai shekara 46 al'adarta ta ɗauke, cikinta ya ɗan tasa, sai a ce ciki ne ya kwanta, a yi shekara biyu ana ba ta jiƙo don ya tashi. Ciki ba ya kwanciya shekara biyu. Ko al'ada ce ta ƙare, ko ƙari ne, ko wani ciwo. Hoton ciki na minti 10 zai faɗi gaskiya.

Mun san za a tuna mana da Saratu, wadda ta haifi Ishaku tana da shekara 90, da Alisabatu uwar Yahaya Mai Baftisma. Mun gaskata, muna kuwa yin addu'a tare da kowace 'yar'uwa mai jira. Amma an rubuta labarinsu ne domin abin al'ajibi ne. Manomin da ya yi addu'ar ruwa ba ya barin garma a ɗaki. Muna kuma tunatar da dattawa cewa auren da ba 'ya'ya cikakken aure ne a gaban Allah, ba daidai ba ne a matsa wa miji ya kori matarsa, ko a bar ta tana zama a bencin baya ranar bikin suna.

Ga wadda ta haifi biyar ko fiye

Tun a 1934 wani likita a birnin Dublin, Bethel Solomons, ya yi gargaɗi cewa yawan haihuwa ba ya sa mace ta ƙware, haɗari yake ƙara mata. A nan gida, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Sun ga haɗari ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana da kuma matan da suka haihu da yawa, sun kuma ga yawancin waɗanda suka mutu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Shekara 40 ke nan da wani abu, darasin bai tsufa ba.

Babban abokin gaba shi ne zubar jini bayan haihuwa. Idan mabiyiya ta fita, dole mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, ta haka take matse jijiyoyin jini su rufe. Mahaifar da ta miƙe sau takwas tana kama da tsohuwar roba, ba ta komawa da sauri. Jini ya ci gaba da zuba. Idan ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, an shiga haɗari, mace kuwa tana iya mutuwa cikin awa 2. Har yanzu a wasu gidaje ana cewa a bar mugun jini ya fita. Babu mugun jini a nan, ranta ne yake fita. A asibiti akwai allurar oksitosin da ake yi da zarar jariri ya fito, akwai ƙwayar misofrostol, akwai wata allurar tsayar da jini da take aiki idan an yi ta cikin awa 3, akwai ƙarin jini. A ɗakin uwargida da tsakar dare ba ko ɗaya.

Abin da yake ƙara muni shi ne yawancin waɗannan iyaye sun shiga cikin da ƙarancin jini tun farko. Haihuwa a kan haihuwa, kwanika, zazzaɓin sauro, tsutsar ciki, ga shi ita ce ta ƙarshe wajen cin nama. Jinin da mace mai ƙarfi za ta zubar ta tashi, shi ne zai kashe mai ƙarancin jini. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba, ku duba tafin hannu. Idan ya yi fari, idan tana haki daga ɗan tafiya, kada a jira ranar awo.

Na biyu shi ne hawan jini. Yakan zo ba sallama, ya fi kama masu cikin fari da waɗanda suka manyanta. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, ana bukatar kulawa. Alamunsa idan ya yi tsanani su ne ciwon kai da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. Bayan waɗannan sai jijjiga, wadda wasu suke kira taune-taune. Ba iska ba ce, ba a yi mata hayaƙi, ba a ɗura mata ruwa ko sa cokali a baki. A kwantar da ita ta gefen hagu a nemi mota. Asibiti suna da allurar da take tsayar da ita. Ga wadda aka ga tana cikin haɗari, ma'aikacin lafiya yana iya rubuta mata ƙaramin asfirin tun daga wajen wata 3, amma kada kowa ya saya da kansa a kemis.

Ciwon suga na masu ciki shi ma yana ƙaruwa da shekaru, ana gwada shi tsakanin mako 24 da 28. Yakan sa jariri ya yi girma fiye da kima. Tagwaye sun fi zuwa ga mace da ta wuce 35. A cikin da ya saki, jariri yakan kwanta a gicciye, hannu ya riga fitowa. Mabiyiya takan sauko ta tare ƙofar mahaifa, alamarta jini ja ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya ganinsa a awo tun da sauran lokaci.

Muna da magana ɗaya mai nauyi a kan maganin naƙuda, na gargajiya da allurar da wasu suke yi a gida. Mahaifar da ta haihu da yawa ta yi laushi. Idan jariri ya gicciye aka ba da abin da zai ƙara matsa ta, sai ta fashe, a rasa ɗa, sau da yawa a rasa uwa. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, ta wuce aikin gida. Doguwar naƙuda ce kuma take kawo yoyon fitsari, waɗanda suka je asibitin Jankwano a Jos ko Babbar Ruga a Katsina sun ga ba 'yan mata kaɗai suke kwance a can ba, akwai iyayen 'ya'ya da yawa.

Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A can za a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta sha kullum, da Fansidar na rigakafin zazzaɓi daga wata na huɗu, sau 3 ko fiye, wata ɗaya tsakani, da allurar sarƙe haƙora. Ta kwana cikin gidan sauro. A gida kuwa maigida ya bar mata ƙwan kajin nan da ake kai wa kasuwa. Wake, waken suya, gyaɗa, zogale, rama, alayyaho, hanta idan an yanka, duk daga gonarmu suke.

Aikin ƙungiya

Matan da suke mutuwa, yawanci jinkiri ne yake kashe su: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin samun mota, jinkirin samun taimako bayan an isa. Biyun farko suna hannunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun iya lissafin buhun taki nawa za mu bukata tun watan Maris, mun iya gayya, mun iya adashi. Lissafin mata nawa ne za su haihu a watan Agusta, lokacin da rafi ya cika, gada ta nutse, rumbu ya yi ƙasa, bai fi ƙarfinmu ba.

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta buɗe asusun haihuwa dabam da asusun taki. A lokacin kaka kowane gida ya zuba mudu kaɗan na hatsi, a sayar idan farashi ya tashi, kuɗin ya zauna a hannun mutum biyu da ake iya tasa da dare, ɗaya daga cikinsu mace. Wanda ya karɓa ya biya bayan girbi ba ruwa. A yi magana da direba ko mai keke napep tun yanzu, a rubuta lambar wayarsa a bangon majami'a, a ajiye galan ɗin mai. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW ta horar da direbobin da suke ɗaukar mata masu naƙuda, ku tambaya a tasharku. Matasa maza su je a gwada rukunin jininsu, magatakarda ya rubuta, domin ranar da likita ya ce a kawo leda biyu kada a tsaya ana kallon juna. Ba da jini ba ya rage ƙarfin noma, jiki yana mayar da shi. A watan Nuwamba 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a wasu asibitoci, shugabanni su bincika wane asibiti ne kusa da su yake ciki.

Maigida kuma ya ba da izini tun kafin ya tafi cin rani ko kasuwa mai nisa. Ya faɗa a gaban uwarsa da ƙanensa cewa idan abu ya taso a kai ta, kada a jira shi, idan likita ya ce tiyata a sa hannu. Tiyata ba kasawar mace ba ce. Uwargida da ta wuce 35, ko ta haifi 5, ko an taɓa yi mata tiyata, ko ta taɓa zubar da jini, ta haihu a asibitin da yake da jini da ɗakin tiyata. Idan ƙauyen yana bayan rafi, ta koma gidan dangi ko gidan fasto a gari mako 2 ko 3 kafin lokaci. Matan zumunta su raba aikin gidanta, ƙungiya ta yi mata gayyar maimai.

Yaushe za a ce wannan ne auta?

Wannan shawara ta miji da mata ce, su biyu a gaban Allah, ba mu zo mu ƙayyade wa kowa ba. Amma mun lura da abin da yake tura iyaye da yawa zuwa ciki na tara da na goma: neman ɗa namiji, saboda gadon gona. Ya kamata a sani cewa irin namiji ne yake sa jariri ya zama mace ko namiji, uwa ba ta da hannu a ciki. Gidan da yake da 'ya'ya mata 6 masu uwa ya fi gidan da ya sami namiji na bakwai ya binne uwarsa. Dattawan ikilisiya da masu unguwa suna da aiki a nan, su duba yadda 'ya'ya mata za su ci amfanin gonar ubansu.

Waɗanda suke so su ƙara, su bar aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Waɗanda suka ce ya isa, su je asibiti tare a nuna musu hanyoyin da suke akwai, gama ba kowace ƙwaya ce ta dace da mace mai hawan jini ko wadda ta wuce 40 ba. Kada uwargida ta ce al'ada ta fara tsallake wata, don haka ta tsira. A waɗannan shekaru ne cikin ba-zata yake shiga. Idan ba ta kai 50 ba, ta ci gaba da kiyayewa har shekara 2 bayan jinin ƙarshe, idan ta wuce 50, shekara 1. In kuwa jini ya sake dawowa bayan ya ɗauke shekara guda cur, ba ƙuruciya ce ta dawo ba, a je likita ya duba mahaifa a cikin makon nan.